Ɗakin Kwalabe

Ran Litinin nakan buɗe ɗakin,
warin alkol ya riga ni gaisuwa.
Kwalba ɗari uku da sha bakwai,
ɗaya ta tsage tun bara, na ɗaure ta da roba.

Ga ƙadangaren da ake ce wa na bakin tulu,
yau ya shige ciki ɗungurungum,
bai ɓata ruwa ba, ba a fasa tulu ba,
jan kansa dai ya koɗe kamar tsohon zane.
Hawainiya ta gaji da sauye-sauye,
ta tsaya kan ruwan toka, ta ce nan na sauka.
Kububuwa a naɗe kamar gammo,
har yau mai shara ba ya juya mata baya.
Damo kuwa, haƙurin da ya saba ne
aka ƙara masa murfi.

Kowa da ƴar takarda a ƙafa,
marar ƙafa, a wuya.
Rubutun Mushe Tsahiru ne, da fensir,
don tawada ba ta jure jiƙo.
Nakan gane daren da sauro ya matsa masa:
baƙaƙen sukan karkace, su yi gudu.
Mahaifina ne. Na-Kwaɗi, in ji mutanen Mokoyo.
Inna ta hana shi shiga ɗaki da buhunsa.

Lamba tamanin da huɗu:
burduddugi, mace, cike da ƙwai,
tabkin bayan Bagalam, tsakiyar Agusta,
"kukansu ya hana ni jin kiran Lawali."
Jiya na je neman wurin.
Na tarar da mai faci, injin niƙa, katangar bulo.
Na tambayi wani yaro ina tabki,
ya nuna mini mai ruwan leda.

Barira ta zo daga Tibiri da ɗan almakashi,
ta yanki bakin yatsar tamanin da huɗu,
abin da bai kai ƙwayar gero ba,
wai a ciki za ta karanto danginta,
ko suna nan a Madarumfa, ko Gulbi ya tafi da su.
Na ce ta yi a hankali.
Ta yi dariya: ai ba ta ji.
Na sani. Ba don ita na faɗa ba.

Da la'asar na cika wa kowa kwalbarsa,
na ja labule.
Hadari na haɗuwa ta gabas.
In ruwa ya sauka yau da dare
zan bar taga a buɗe, in kasa kunne,
ko da guda ɗaya ne.