Gefen Layi

A bayan Ƙofar Marusa, inda kwata ta yi kwana,
akwai rumfa mai kwano uku, ɗaya ya ɓule.
Nan Malam Sada ya kafa injin zartonsa,
nan na fara sanin ƙanshin katako.

Zarton nan zobe ne, ba kai, ba wutsiya,
ƙafafu biyu ke juya shi, ɗaya sama, ɗaya ƙasa,
haƙoransa duk ƙasa suke kallo.
Ranar da na zo bai ce mini sannu ba,
ya ɗaga hannun hagu, yatsu huɗu da guntu:
"Mannir, karanta. Ga darasin farko."

Wata uku ina shara.
Gari a gashina, gari a kofin shayi,
kafin ya zaro fensir daga bayan kunne ya miƙo.

"Kada ka ci layi. Bi gefensa,
bar wa samfefa abincinta.
Abin da ka rage, gobe ma a rage shi,
abin da ka cinye ba ya dawowa, ko da gam, ko da roƙo.

"Zarto mai faɗi tirela ce a hanyar Jibiya,
kada ka kai ta lungu. Lungu sai siriri.
In lanƙwasa ta matse, kada ka murɗe masa wuya,
tsattsaga gefen tukuna har bakin zane,
kamar haƙoran mataji,
guntaye su zube da kansu, ƙarfe ya sha iska.
Sauke mariƙin sama dab da itace.
Kusa da haƙori sanda ke turi, ita ba ta da jini.
Rakiya kake yi, yaro, sassauta riƙo."

Wata Laraba Malama Yahanasu ta sauka daga Keke Napep
da falle ɗaya na maɗaci, ja wur.
Mahaifinta ya dasa bishiyar,
faɗaɗa titi ya kayar da ita,
wannan kaɗai ta tsira da shi.
Hannuwan kujera biyu take so, masu lanƙwasa,
inda za ta ɗora gwiwar hannu in ta gaji da dako.

Malam ya kai zanen kusa da ido, ya nisantar,
ya sake kusantarwa.
Yanar idon ta ci ƙarfinsa, mu duka mun sani, ba mai faɗa.
Ya ja baya ya zauna a kan benci.
"Falle ɗaya ne," in ji shi. "Ɗauko."

Na yi bisimilla. Injin ya ɗau kuka.
Jan gari na zuba, ɗacinsa har maƙogwaro.
Na wuce kwanar farko, na shiga ta biyu,
daidai inda ta fi matsewa
aka ɗauke wuta.
Shiru. Zarto a tsakiyar itace kamar ƙaya a dasashi.
Na yunƙura zan fizgo,
yatsu huɗu da guntu suka damƙe wuyan hannuna:
"Kashe makunni. Wanda ya ja da baya a fusace,
zarton ne zai sauko."

Ya sa ɗan tsinke ya buɗa tsagar,
muka zare fallen a hankali, kamar cire wa jariri riga.
Azahar ta wuce. Malama na ɓare gyaɗa,
tana ba mu labarin lilon da aka ɗaura mata a reshen gabas.
Bayan la'asar ƙwan rumfa ya kawo haske,
na koma ta tsohuwar tsaga, ina bin sawun kaina,
gumi na ɗiga daga haɓa zuwa katako.

Hannuwa biyu suka fita, na haɗa su baya da baya.
Ɗaya na da ɗan tudu inda wuta ta yanke.
Na kai hannu ga samfefa,
Malam ya shafa wurin da guntun yatsansa,
ya ce, "Gefen layi ne. Zai goge."
Ita kuwa ta durƙusa tana tsince guntayen
ɗaya bayan ɗaya, tana ƙullewa a bakin mayafi,
har da garin, ta tara a tafi, ta zuba a ƙoƙo.