Ragowar Ƙyalle

Watan Agusta ya kwashe jiƙaƙƙun kayansa,
ya bar mana gansakuka a jikin katanga
da ƙamshin gasasshiyar masara a titin Bukuru.
Ruwa ya rage fushi.
Sai la'asar yake zuwa yanzu, kamar baƙon da ya san gida,
ya ƙwanƙwasa kwanon rufi, ya wuce Gyel.

A shagona keke bai huta ba mako uku.
Shuɗi da fari na waccan makaranta,
kore mai zane-zane na wata,
wando talatin, hijabi ashirin da biyu.
Kowace uwa cewa take, “Malam, ƙara tsawo,
yaron nan kwana yake yana tashi.”
Na auna ƙugun 'ya'yan unguwa kaf,
ban auna nawa ba.

Nawa suna gida.
Ajinsu teburin da muke cin tuwo ne,
allonsu tsohon ƙyauren da na shafa wa baƙin fenti,
shugabar makaranta kuwa Sawwama,
wadda ta ajiye allin firamare
shekarar da sikila ta cinye wa Ukashatu zango biyu
a gadon asibiti.
Ta ce in sanyin Jos ya hana shi zuwa aji,
to aji ya zo ya same shi cikin bargo.

Hutun damina sun ci shi yadda suka ga dama.
Rumasa'u ta tsinto duwatsu masu ƙyalli
a hanyar tsohon ramin kuza,
ta jera su a taga, kowanne da sunansa.
Ukashatu ya yi kiwon dodon-koɗi a gwangwanin madara,
ran Talata ya tsere, aka yi zaman makoki.
Sun ƙirga wa Mama Kaneng buhunan dankali,
ta biya su da cikin kwano,
ta tambaya, karo na nawa ke nan,
“To yaushe za ku sa su makarantar gaske?”

Daren Lahadi aka ɗauke wuta.
Sawwama ta kife tsohuwar kalanda,
tana ja mata layi da hasken waya:
lissafi da safe kafin kai ya yi nauyi,
karatu bayan koko,
Alhamis a je a duba abin da wake ya yi a bayan gida.
Sai biro ya tsaya.
“Anya ina iyawa kuwa?
Yarinyar nan ta kusa wuce ni a lissafi.”
Ban da amsa. Maɓalli nake ɗinkewa.
Na dai matsa mata fitilar.

Litinin, bakwai saura,
rawayar mota ta yi oda a bakin layi.
Rumasa'u na taga, tsakanin duwatsunta,
tana kallon ɗinkina yana hawa mota ɗaya bayan ɗaya.
Ba ta juyo ba ta ce,
“Baba, kowa ka yi masa riga.”

Allura ta sha soke ni, ban taɓa jin irin wannan ba.

Da dare na zazzage buhun ragowar ƙyalle.
Wuya shuɗi, hannu kore,
aljihu daga wata makaranta da ke Rayfield.
Ta Ukashatu na yi mata shafi mai kauri
saboda ƙirjinsa.

Talata suka fito tsakar gida
sanye da makarantu biyar, ba su cikin ko ɗaya.
Sawwama ta yi dariya har da hawaye,
ta buga cokali a murfin tukunya.
Aka yi layi, layin mutum biyu,
kaza ta shigo ta zama ta uku.

Na makara zuwa shago.
Ina zaure, takalmi ɗaya a ƙafa,
ina jin alli yana tafiya a jikin ƙyaure,
da muryar ɗana yana gardama
cewa bakwai ta fi tara kyau.