Tabon Haske

A Taichung, a lungun masu gyaran rediyo,
mahaifina Liao Mu-sheng ya ƙi sayar da allo ɗaya.
Ƙato ne mai ƙeya, launin ƙashin da ya tsufa,
sai mutum ya riƙe numfashi kafin ya ɗaga shi.
Ah-Kuei mai sayen tarkace ya zo sau uku da babur,
ya taya tagullar ciki, ya ce gilashin duk dalma ne.
Baba ya zuba masa shayi, ya raka shi ƙofa.

Ina ƙarama ya buɗe mini bayansa:
"Kar ki taɓa nan, wuta na kwana a ciki ko an zare waya.
Ga bindigogi uku a wuya,
ja, kore, shuɗi,
suna harbi cikin kwalbar da babu iska,
maganaɗisu na karkata su layi bayan layi,
sau sittin kafin daƙiƙa ta cika.
Abin da kike gani hoto, ɗigo ne mai gudu.
Idonki ne mai nawa."

Yanzu ni ina masana'anta bayan gari,
fara fat daga kai har ƙafa, kamar mai tiyata.
Allunanmu ba su kai kaurin littafi ba:
ruwa mai murɗa haske tsakanin gilashi biyu,
fitila a baya, shiru, ba zafi.
Aikina neman aibi.
Ɗigo ɗaya ya mutu cikin miliyoyi,
in ja jan layi, in ce a mayar.

Daren da guguwa ta ɗauke wutar unguwa
na haska tsohon allon da tocila, a kashe yake,
sai ga layuka, dishi-dishi:
kwanan wata, shiga, fita, saura.
Shekara goma sha ɗaya Mama Pi-yun
tana lissafin shago a shafi guda,
har haske ya ci hodar da ke bayan gilashi,
ya bar sawunsa.

A wurinmu sunan wannan lalacewa.
Da na sa masa hannu tun da safe.

Baba ya goge ƙurar da gefen rigarsa.
"Naku ba sa riƙe komai ko?"
Na buɗe baki in yi masa bayani,
sai wuta ta dawo.
Ya danna maɓalli, allon ya yi gurnani, ya girgiza,
gashin hannuna ya miƙe.
Muka zauna muna jira ya ɗumama.