Zazzaɓin Tsohuwa

Tsakanin Gujungu da Jahun ta fara nishi,
allurar zafi ta haura har ta taɓa ja.
Na kashe ta a gindin wata kuka,
na zauna ina jin ƙarfe yana ƙas-ƙas
kamar gyaɗa a kasko.

Motar Baba ce. A hannun wasu Turawa ya saya,
sun ƙetaro hamada, guzurin komawa ya ƙare.
Da gado a ciki, da 'yar kwaba,
da labule mai furanni
wanda rana ta kiwace furannin ta bar yadin.
A cikinta nake kwana daren kasuwa,
maganin shanu a wajen kaina, na tumaki a ƙafa.

Jarka uku ta sha a mako guda.
Na leƙa ƙarƙashinta, ko ɗigo babu.
Na matse fanbel da bai yi laifin komai ba,
na sauya murfin lagireto,
wani a tasha ya ce in fasa mata ƙwai, na fasa biyu.
Ta ci ƙwan, ta ci gaba da ƙishirwarta.

Cindo aka ce in nema, bayan injin niƙa a Harbo.
Yatsa shida a hannun dama, duk shidan baƙi.
Bai taɓa sifana ba tukuna.
Ya zaro sandar baƙin mai, ya murza, ya duba a rana:
"Bai zama koko ba. Gaskit lafiya, gode wa Allah."
Ya kwance filogi huɗu ya jera a kan buhu
yana dubansu kamar haƙoran sa a kara.

"Yaushe rabonka da hita?"
Na ce ran da ruwa ya tare ni a hanyar Gumel,
gilashi ya yi gumi, na kunna don ya bushe,
sai gumin ya ƙaru, da warin tsohuwar tukunya.

Ya ce, "Cire takalmi. Taka nan."
Ya ɗaga shimfiɗar roba.
Tafin ƙafata ya sauka a danshi mai ɗumi,
ja-ja, launin tsatsa.
Wata biyu ina zagin damina da robar ƙofa,
ashe ɓarawon a ɗaki yake kwana.

"Akwai ƙaramin lagireto a bayan wannan allon,
girman littafi. Ya rube.
Ko a Ƙofar Ruwa sai ka yi sa'a."
Ya aiki ɗansa gida ya yanko guntun bututu
daga mataccen injin ban-ruwa.
Ya zare tiyo biyu, mai kaiwa da mai komowa,
ya haɗa su baki da baki,
ya ɗaure da waya, yatsa na shida yana danne ƙulli.

Muka tura hancinta kan tudun tururuwa,
yana zuba ruwa, yana matsa tiyo,
har ta yi gyatsa sau uku.
Allura ta hau rabi, ta tsaya
kamar an ja mata kunne.

Kuɗi? Ya ce ragonsa na zawo.
Na ba shi ƙwaya shida, na nuna masa yadda ake ɗurawa.

Yanzu tsumma ne a kan sitiyari saboda gilashi,
bargo biyu saboda asubar sanyi.
Maɓallin hita yana nan, yana juyawa, ba ya kiran kowa.
Ta wannan 'yar tagar Baba ke gasa hannu
kafin ya sa giya,
ni kuma ina gefe, ƙafata ba ta kai ƙasa.
Jiya na tarar da hannuna a wurin.
Iska ce kawai, irin ta waje.
Gobe Alhamis, Maigatari.