Mayen Ƙarfe

Hannun Baba ya fara rawa bara, bayan Sallar layya.
Da farko shayi yake zubarwa a tabarma,
daga baya bakin caja ya gagare shi.
Ramin nan na gindin waya, kamar kafar allura,
ya lalluba, ya kuskure, ya sake lallubawa,
ya juya igiyar sama, ya juya ta ƙasa,
har ya lauye caja uku cikin wata guda.
Ba ya kiran kowa.
Wanda ya shekara talatin yana wankin kuza a Bukuru
ba zai ce wa jika "zo ka sa mini" ba.
Sai mu tarar da wayar a mace da asuba,
ya ce ai wuta ce ba su kawo ba,
alhali ƙwan tsakar gida na ci tun dare.

Ran Laraba na gangara Taminus.
Davou, mai shagon ƙarƙashin bene,
ya zaro wata igiya daga leda,
ya cusa wa wayar ɗan kai kamar ƙwayar masara,
ya ce, "Bar shi nan, kar a ƙara cirewa."
Ya kawo igiyar kusa, bai ma taɓa ba,
sai na ji ƙas!
Ta yi tsalle da kanta ta kama.
Dubu huɗu da ɗari biyar.
Na taya uku, ya ce in je in tambayi dala.
Na biya.

A gida, a Gangare, Baba ya karɓa yana harara.
Hannun na rawarsa, igiyar na lilo,
ƙas!
Ya cire. Ya sake kawowa. Ƙas!
Sau bakwai na ƙirga
kafin ya yi dariyar da rabonmu da ita
tun rasuwar Inna Kande.

"Mayen ƙarfe ne," in ji shi,
"na san shi tun ba a haife ka ba.
A rumfar kuza, baƙin yashi duk kamarsa ɗaya ga ido.
Mu shanya, mu zuba a bel,
maye ya ɗaga duk mai jinin ƙarfe,
kuza ta wuce abinta, ba ta amsa kiransa.
A zamaninmu rabawa yake yi.
Ku kun sa shi haɗawa."

Kwamfutar Lantana ma irin bakin ke gare ta.
Ran nan Sagiru ya sheƙo da gudu bayan kaza,
ƙafarsa ta kwashi igiya,
duk muka yi salati,
igiyar ta saki, ta faɗi ƙasa ita kaɗai,
kwamfuta na zaune a tebur da aikin digirinta a ciki.
Baba bai ɗago daga carbinsa ba,
ya ce, "Mai riƙo ke nan da ya san saki."

Ba wai ba ta da hali ba.
Cajinta na tafiyar hawainiya ne,
kuma kwaɗayayya ce:
allurar ɗinki, ƙusar takalmi, baƙin gari daga ƙasar ɗaki,
duk sai ta kwaso a baki.
Kowace Juma'a Baba kan zauna da tsinken sakace
yana kankare mata,
yana tara garin a kwalin ashana.
Wai ƙasar Jos ba ta ƙare ba, mutane ne suka gaji.

Da dare, in sanyi ya sauko daga duwatsu,
ɗakina da nasa katanga ɗaya ce.
Bayan isha nakan ji ƙas ɗin nan,
sai shiru kaɗan,
sai muryar Inna, daƙiƙa goma sha tara,
saƙon da ta bar masa wata biyu kafin ta kwanta:
in ya biya ta Farin Gada ya taho da tumatir,
kar ya yarda a ba shi mai ruwa-ruwa irin na jiya.