Bashin Saniya

Likita Larrosa ta ɗora su biyu a tafin hannuna
a hawa na huɗu na wani asibiti a Montevideo,
inda taga ke kallon kogin da ya yi faɗi har ya manta shi kogi ne.
"Bawul," in ji ta, sai ka ce tayar keke ce ta sace.
Ɗaya baƙi, mai sanyi, da 'yan ƙyamare biyu.
Ɗayan fari, da laushin kunnen jariri,
an yanko shi daga jakar da ke lulluɓe zuciyar saniya.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Shekara arba'in da ɗaya ina fawa a Tacuarembó.
Jakar nan, sau nawa na yage ta da babban yatsa
na wurga wa kare a bayan shago?

Na ƙarfen ba ya tsufa, in ji ta, kai za ka riga shi.
Sai dai ƙwaya kullum, mai tsinka jini,
da gwaji a kai a kai, har ranar da za a rufe maka ido.
Ta dubi hannuwana, ta yi shiru.
Tabo ne ya ƙarasa mata maganar:
na zarto a wuyan hannu, na ƙugiya,
da ɗan yatsan da wuƙa ta rage wa tsawo
ranar da aka haifi Yamila.

Na saniyar fa?
Shiru gare shi, ba ya yawan neman ƙwaya.
Amma nama ne. Kai ka fi ni sanin abin da nama ke yi.

A motar komawa, awa biyar cikin makiyaya,
Yamila ta juya tikiti ta yi lissafi a bayansa:
sittin da ɗaya, a ƙara sha biyar in an yi sa'a.
"Baba, sake tsaga ka za su yi, ga tsufa."
Na ce wanda bai ga gobe ba, ina ruwansa da jibi?
Ta juya wa taga fuska.
Shanu na ta wucewa, ba wadda ta ɗago kai.

Na je wurin Ulpiano mai gyaran sirdi,
shi ƙarfe aka sa masa, shekara tara ke nan.
Ya ajiye ƙoƙon shayin mate, ya buɗe riga, ya ce, kawo kunnenka.
Ƙas. Ƙas. Ƙas.
"Jikata ba ta barci sai a nan," in ji shi.
"Ni kuwa, daren da ya yi tsit, ƙirga su nake yi,
ina jiran wanda ba zai zo ba."

Daren nan Nélida ta cusa agogon ubanta ƙarƙashin matashi
don mu gwada.
Ita ta yi minshari.
Ni na kwana ido biyu, ina sauraron ƙirji biyu,
na agogo mai cika alkawari,
da nawa mai huci kamar tsohuwar zuga-zugi.

Da asuba na wasa wuƙaƙena, ban san dalili ba.
Na jera su bisa tsumma, babba zuwa ƙarama,
na ga ban shirya rabuwa da su ba.

Ran Talata na sa hannu.
Yamila ba ta yi mini magana ba har muka sauko bene,
sai a bakin ƙofa ta gyara mini wuyan riga
da ƙarfin da ya wuce na gyara.

Na tambayi likita, saniyar ta ina ce?
Ta ce ba a rubutawa.
To, ko wace ce ke, baƙa ko ja,
na ci da iyalina daga jikin danginki, na yi rufin kwano,
ban taɓa cewa na gode ba.
Jibi za ki shigo ki tsare mini ƙofa.
Ki buɗe, ki rufe.
In kin gaji, ki yi mini alama tun da wuri.