Ranar da Na Kwashe Ofis

Shekara talatin da ɗaya
ina ƙetare gadar Rima da sassafe,
Dundaye a gabana, alli a jaka.
Yau kwali uku na zo da su.

Littattafan halayyar ɗan'adam na bar wa sashe,
gara ma ta riga ta ɗanɗana.
Abin da zan ɗauka kundi ne mai baƙin bango
inda nake rubuta duk wanda ya faɗi zangon farko.

Ba na fara tambayar dalili.
Ruwan randa nake miƙawa tukuna,
fanka tana tuƙa zafin bazara kamar tuwo,
sai in ce, jiya ƙarfe nawa ka kwanta?
Ka karya kuwa?

Nafi'u na Goronyo bai karya ba,
kuɗin abincinsa gida suke komawa.
Shafa'atu ta san amsa sarai,
amma da an raba takarda sai hannunta ya kama rawa.
Mako shida muna koyon numfashi, ni da ita,
mu ƙirga huɗu, mu saki.
Ga sunanta can yanzu a ƙofar da ke kallon tawa.

Shekarar da ruwa ya cinye hanya
a kwalekwale na zo da sakamako,
takardu cikin leda bisa kaina,
matuƙin yana dariya:
"Malama, mi ad da zahi haka?"

Ba duka na riƙe ba.
Shafi na arba'in da bakwai, Lawwali.
Sau uku ina aikawa a kira shi.
Ranar da ya zo ina wurin taron alawus,
ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ya juya.
Bara na gan shi a tsohuwar kasuwa
yana auna albasa, har ya yi tumbi.
Ya ƙi karɓar kuɗina.
Ya ce in lissafi ya cakuɗe masa
har yau yakan ƙirga huɗu, kamar yadda ya ji a aji.
Ban san wane maki zan ba mu ba, ni da shi.

Masinja ya leƙo, makulli yake jira.
A bayansa wata yarinya ce,
ta ninke takardarta har ta kusa yagewa.
"An ce in zo wurin Dakta Inno."

Na sauke kwalin.
Bawa, duba randar nan,
ina jin da sauran ruwa.